Man da Inna Ta Goge

Kwamfutar Auta ta tsufa. Idan ta buɗe manhajar zanen surfani, sai ta je ta wanke kwanuka ta dawo, abin yana ta juyawa. Mai shagon ɗinkin da take yi wa zane ta gaji da jira. Ta ce in zanen rigunan ɗaliban nan bai zo gobe ba, to Auta ta dawo shago ta riƙa yi a can. Ita kuwa Auta, zama cikin mutane kowa na leƙa mata allo, ya fi mata komai wuya.

Da hantsi sai ga Kawu, ƙanen Inna, mai gyaran kwamfuta, da 'yar jakarsa.

"Ina tsohuwar take?"

"Wa kake kira tsohuwa?" in ji Inna daga kicin.

"Kwamfutar, Yaya. Ke ai yarinya ce."

Ya kwantar da akwatin a kan tebur, ya kwance murfin, ya cire fanka da ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Ya nuna wa Auta wani ɗan abu mai kusurwa huɗu. "Firosesa ke nan, shi ne ƙwaƙwalwar. Wannan ya gaji." Ya zare shi, ya sa wani da ya samo mai ƙarfi, sannan ya matsa masa wani mai mai kauri, ruwan toka, a kai. Ana cikin haka maƙwabci ya yi sallama, wai motar Kawu ta tare masa hanya. Kawu ya fita, Auta ta tafi kawo masa ruwa.

Da ta dawo, ta tarar da Inna tsaye da tsumma. Inna ba ta iya ganin datti ta wuce. Ta riga ta goge man tas, ta kife fankar a kai don kada ƙura ta shiga, ta koma kicin abinta.  Auta ta ce a ranta wataƙila ba komai.

"Ashe har na ɗora?" in ji Kawu da ya shigo. Ya ɗaure ƙusoshi, ya kunna.

Manhajar ta buɗe kafin Auta ta gyara zama. Daɗi ya kama ta, ta fara jan furen farko. Can sai fanka ta hau ihu, allo ya yi baƙi. Suka sake kunnawa, ta sake mutuwa. Kawu ya taɓa gefen akwatin, ya tsuke fuska.

"An ba ni firosesa mai matsala. Sai na mayar, kuma wanda ya sayar mini ya yi tafiya. Ki yi haƙuri, Auta, sai wani satin."

 Auta ta san abin da ta gani, amma ta yaya za ta kai ƙarar Inna wurin ƙanenta? Kawu ya fara tattara kayansa.

"Kawu," ta ce, idonta a ƙasa. "Man nan da ka sa… dole ne?"

"Dole mana. Shi ke kai zafin wurin fanka." Ya dakata, ya dube ta. Bai tambaye ta komai ba, ya ɗauki sukudireba ya kwance. Firosesan yana ƙyalli kamar sabon cokali.

Dariya ta ƙwace masa har ya dafa tebur. "Yaya! Zo ki ga aikinki!"

Inna ta leƙo. "Ni na goge. Abu kamar kashin tsuntsu za ka rufe wa yarinya a cikin kaya?"

"Ai gara da ba ki kai shi famfo ba."

"Na so, sabulu ne ya ƙare."

Kawu ya sake matsa man, ya miƙa wa Auta fankar. "Ke ɗora, taki ce." Ya jira ta har ta ɗaure ƙusa ta ƙarshe. Suka kunna. Ta gama fure, ta gama ganye, ta shiga wuyan riga, fanka tana juyawa a hankali.

Ta raka shi har bakin ƙofa riƙe da jakarsa. Ta shirya maganganu da yawa, amma abin da ya fito kaɗan ne.

"Kawu, Allah Ya saka da alheri."

"Amin, 'yata. Je ki ƙarasa musu rigunan."