Giyar da Hermínio Ya Yaba

Shekara biyu giyar ta yi a ganga kafin in kai samfurinta kamfani a garin Gaia. A shekarar da muka tsinki inabinta ruwa ya ƙi sauka a yankinmu na Douro, 'ya'yan suka fito ƙanana, baƙaƙe wuluk, muka tattake su da ƙafa a kwarmin dutse har gwiwoyina suka kumbura. Na san abin da ke cikin gangunan nan. Wanda zai ɗanɗana ne damuwata.

Yayana Hermínio shi ne babban mai ɗanɗano a kamfanin da muke sayar wa giya. Tun da ya bar gona ya sa kwat, ba ya hawa tudunmu sai an yi rasuwa. Ko a jana'izar Baba, ana gama rufe kabari ya shiga mota.

Na same shi da hantsi a farin ɗakinsa mai kallon kogi, kofuna jere a tebur. Bai ce in zauna ba. Ya tambaya ko har yanzu rufin rumbunmu yana yoyo. Na ce tunda ba a kansa yake ɗiga ba, ya bar wa masu shi.

Ya bi giyar sauran gonaki ɗaya bayan ɗaya, yana kurɓa yana tofarwa, ya bar tawa a ƙarshe don in gaji da tsayuwa. Da ya zo kanta ya karkata kofin wajen haske, hasken ya kasa ratsawa. Ya shinshina, ya kurɓa. Irin giyarmu ta Porto, in tana sabuwa, ba ta da kunya, baurinta yakan ɗaure harshe, ta rina haƙora. Ya daɗe da ita a baki kafin ya tofar. Da ƙyar ya buɗe baki ya ce tana ƙamshin baƙin ɓaure da ganyen daji, zaƙinta bai rinjayi baurin ba, kuma za ta binne mu duka tana cikin kwalba. Babu kamarta a teburin.

Ban gama jin daɗi ba ya ƙara da cewa kamfani zai kwashe ta duka, a gauraya da ta wasu gonaki, a fitar da ita a matsayin zaɓaɓɓiyar giyar shekarar da sunan kamfani.

“Sunan gonarmu fa?”

“Wa ya san shi, Graciete? Kada kanki ya kumbura. Farin da aka yi ne ya yi giyar nan, da tsofaffin kuringar inabin Baba. Ke tattakawa kawai kika yi, ko jaki zai iya.”

“To, mai hanci, ka zo da jakinka baɗi. Ɗigo ɗaya ba za ka samu ba.”

Ya ce ba ni da ikon hanawa, rabin gonar nasa ne. Na ce ya nuna min tafin hannunsa in ga kantar noman rabin. Sai ya tura hannuwan cikin aljihu, leɓɓansa baƙaƙe da giyata. Na ɗauki kofin na juye sauran a kwanon tofi, na kwashi kwalabena na fita.

Hermínio bai yafe ba. Kafin kaka ta zagayo kamfanin ya daina sayen komai daga wurina, ya kuma aiko masu awo aka raba gonar. Tsofaffin kuringar da ke saman tudu suka faɗa a rabonsa, aka bar min na ƙasa masu shan inuwa.

Giyar kuwa na zuba ta a kwalba da kaina, da sunan gonarmu a jiki. Ta fita a hankali, sai dai wanda ya saya yakan dawo. Ban sake yin irinta ba, don inabin ba nawa ba ne yanzu. Duk kaka Hermínio yana hawowa ya tsaya a kan masu tsinka, sanye da hular rana sabuwa fil. Katangar da ke tsakaninmu ko ƙugu ba ta kai ba. In iska ta juyo, ina jin shi yana faɗa wa ma'aikata kada su bar ko zangarniya ɗaya ta leƙo ɓangarena.