Makullin Kan Jirgi

A tashar kaya, inda ake jera taragu kafin jirgi ya kama hanya, kowa Maiƙugiya yake kiransa, har matarsa in tana son ta tsokane shi. Aikinsa haɗa tarago da tarago. A gaban kowane tarago da bayansa akwai ƙugiyar ƙarfe mai kama da hannun da aka lanƙwashe yatsunsa. In direba ya turo tarago a hankali, hannuwan nan biyu sai su sarƙe, wata sakata da ke ciki ta faɗo ta kulle su. Daga nan ko duwatsu aka loda, ba sa sakin juna sai an ɗaga sakatar da sandar da ke gefe.

Direban da ke turo masa taragu ƙanin matarsa ne, Auta. A da, kullum cikin wasa da zolaya suke. Amma wata rana a gida, ana cin abinci a gaban yara, Auta ya ce, "Yaya, ka tsufa da shiga tsakanin taragu. Ka bar wa masu jini a jika." Aka yi dariya. Maiƙugiya bai yi ba. Tun ranar ya ɗauke masa wuta. A wurin aiki ma sai dai tuta ta yi magana: ja, tsaya, kore, taho.

To, akwai wata doka a tashar. Duk wanda zai shiga tsakanin taragu, sai direba ya ɗaure birki, ya zare makullin kan jirgi, ya damƙa masa a hannu. Muddin makullin yana aljihunka, jirgi ba zai motsa ba.

Ran nan da hantsi, Auta ya turo tarago na ƙarshe. Ya kawo shi sannu, kamar mai ajiye ƙwai a faranti. Ko cikin fushi, Maiƙugiya bai iya hana zuciyarsa yabawa ba: yaron nan yana da hannu. Ƙugiyoyin suka haɗu, amma kunnensa bai ji ƙarar da ya saba ji ba. Ya leƙa daga gefe. Bakin ya rufe, sakata kuwa ta maƙale a sama. A ido an haɗu, amma da jirgi ya fara hawan tudu taragon zai ɓalle ya koma baya.

Ya ba da tuta aka ja kaɗan, ƙugiyoyin suka rabu. Gyaran ba wuya, sai dai dole a shiga tsakiya. Kan jirgi yana can nesa. Oba-oba, ƙaramar rediyon magana, tana rataye a kafaɗarsa, danna ta kawai zai yi ya ce a kawo makulli. Ya ɗora yatsa, ya janye. Shi zai fara yi wa Auta magana? Kuma ya ce masa me, tsoho ya gamu da matsala?

"Kafin ya ƙifta ido na gama," ya ce a ransa. Ya ajiye tutar a ƙasa, ya ɗaga ƙafa zai taka layin dogo.

Sai ƙahon jirgi ya tsage iska, dogo, ba tsayawa. Maiƙugiya ya ja da baya. Can ya hango Auta ya diro, yana tahowa da gudu a kan tsakuwa, hula a hannu.

Ya iso yana haki. Ya kama hannun Maiƙugiya, ya buɗe tafin, ya danna makullin a ciki.

"Yaya, in gaba za ka yi da ni, yi har mu tsufa tare. Amma me zan je in faɗa wa yayata?"

"Wa ya ce maka shiga zan yi?"

"Ka ajiye tuta. Tun ina koyon aiki na san ba ka ajiye ta sai za ka shiga. Kai ka koya mini kallon hannunka, yanzu kuma kana so in makance?"

Maiƙugiya ya dubi makullin. Da ɗumin hannun Auta a jikinsa. Ya sa shi a aljihu, ya sa maɓalli.

"Tunda ka zo, riƙe guduma. Tsohon zai nuna maka abu."

Suka shiga tare. Ya buɗe bakin ƙugiyar, ya nuna masa ƙasa da tsatsa da suka dunƙule a ramin sakata. "Wani mai kirki ya lafta giris. Giris a nan tara ƙasa yake yi." Ya kankare da burushin waya, ya hure, ya ɗaga sakatar ya sake ta, ta faɗo sumul. Ya karɓi gudumar ya ƙwanƙwasa ƙarfen, ya karkata kunne. "Ka ji? Mai lafiya amo yake yi. Mai tsaga kuwa muryarsa a dishe take, kamar taka da safe."

Auta ya yi dariya. "Maganar da na yi a gida, tsoro ne ya sa, Yaya. Ni ke tura ƙarfen nan, kai ke gabansa."

Sai da suka fito daga tsakiya, su duka biyun, sannan Maiƙugiya ya miƙa masa makullin.

Auta ya koma, ya sake turowa. Wannan karon sakata ta faɗo da ƙararta. Maiƙugiya ya danna oba-oba.

"Ja mu gani."

Jirgi ya ja, ƙugiyoyin suka miƙe, suka riƙe gam.

"Ta kama. Auta?"

"Na'am, Yaya."

"Hannunka ba laifi."

"Me ka ce? Maimaita da ƙarfi, na'urar nan ba ta ji sosai."

"Kauce ka ba ni wuri, ɗan nema!"