Sunan da Inna Kande Ba Ta Kira

A gidan su Ummulkhairi, a Bebeji, ba a fara ɓarar masara da yamma sai an jingina waya a jikin turmi. Haka aka saba tun shigowar kaka. Da an idar da sallar la'asar za a baza tabarma a gindin darbejiya, a juye masara a tsakiya, kowa ta jawo kwaryarta. Aikin Ummulkhairi ne ta kunna, domin wayar tata ce, kuma ita ke zuwa bakin tasha wurin mai tura finafinai idan sabon kashi ya fito.

Fim ne mai dogon zango na wata ƙasa, an fassara shi da Hausa, mai fassarar ya raɗa masa Fataken Sama. Wasu mutane ne a cikin jirgi mai kama da gwangwanin madara, suna yawo tsakanin taurari suna neman duniyar da za a iya shuka a cikinta, saboda tasu ta daina ba da amfani. Mace ce ke tuƙa jirgin. Matan gidan sun kasa riƙe sunanta, sai suka sa mata Direba.

Umma Habiba, mahaifiyar Ummulkhairi, tana kallo ne hannunta na aiki. Mubaraka, matar ƙanin Baba, ita kuwa sai ta manta da masarar, ta riƙa yi wa mutanen fim faɗa kamar suna jin ta. Sai kuma Inna Kande, kakarsu, wadda ta ce ita ba ta kallon ƙaryar masu jan kunne. Takan zauna a kan 'yar kujerarta, ta ba wayar gefen fuska. Amma ranar da caji ya ƙare ana tsaka da kallo, ita ta fara tambayar wanda ya hana a kai wayar shago tun da safe.

A makon nan gidan ba daɗi. Baba Wada, mahaifin Ummulkhairi, ya gama shirin tafiya. Da can haƙar ma'adinai yake zuwa Riruwai da rani, ya dawo kafin ruwan shuka. Yanzu abokan aikinsa sun zuga shi su wuce haƙar zinariya can cikin sahara, inda waya ba ta shiga, inda mutum kan tafi da niyyar wata shida a yi shekaru ba labarinsa. Mota za ta tashi ranar Asabar. Umma ta yi magana har ta gaji. Baffa Nazifi, ƙaninsa, ya yi. Amsar Baba ɗaya ce ga kowa.

"Inna ba ta hana ni ba."

Kowa kuwa ya san Inna ba za ta hana shi ba, domin shi ne ɗanta na fari. A rugarsu ta wajen Doguwa, inda ta tashi, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Har yau in ya durƙusa gaishe ta, bango take amsa wa. In tana son ya gyara mata danga, sai ta ce da Ummulkhairi, "Ki gaya wa babanki," alhali ga shi nan tsugune a gabanta. Nazifi kuwa sau goma za ta kwaɗa masa kira a wuni, har da zagin wasa.

Da Umma ta roƙe ta ta sa baki, cewa ta yi, "Ina ruwana da tafiyar mutane?" Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Ranar Laraba aka samo sabon kashi. Direba ta dawo gida. A lissafinta watanni kaɗan ta yi a sama, fuskarta ko tamoji babu. Amma da ta sauka sai ta tarar garinsu ya sake, waɗanda ta sani duk sun mutu. Aka kai ta wani ɗaki a asibiti. Ga tsoho kwance, gemu fari fat, idanunsa sun shafe. Ɗanta ne, ɗanta na fari, wanda ta bari yana tatata.

Tsohon ya ji motsi ya ce wane ne. Direba ta durƙusa a bakin gadon, ta kama kansa da hannu biyu, ta kira sunansa a hankali, da wani ɗan ja a ƙarshe. Tsohon ya juyo da fuskarsa wajenta. Sai ya ce, "Umma."

Aka ɗauke hoto.

"Kai! Kai! Kai!" Mubaraka ta wurgar da totuwar da ke hannunta. "Wannan mata ba ta da ta ido. Ɗan fari, gatsal, a gaban likitoci?"

"Ke abin da ya dame ki ke nan?" Umma ta ce. "Ni tambayata, wa zai gai da wani? Ita ce uwa, amma ya yi jika da ita."

"Shi zai durƙusa mana, Yaya Habi. Uwa uwa ce."

"Da wace gwiwar? Ba ki gan shi ba ne?"

"To a ɗaga shi a durƙusar."

Suka kwashe da dariya, dariyar da aka kwana biyu ba a yi ba a gidan. Ummulkhairi ta leƙa guruf ɗin 'yan ajinsu, ta tarar can ma an kacame. Wata Nusaiba daga Ƙiru ta turo saƙon murya tana haki, wai ramuwar azumi nawa ke kan Direba, na watanninta ko na shekarun duniya? Wata ta ce ai matafiya ce. Wata daga Tudun Wada ta ce ita gadon take tunani, an riga an raba gonar matar, yanzu sai a ƙwato? Ummulkhairi ta kunna musu suka ji, Mubaraka na ba kowacce amsa kamar a gabanta suke.

"Mai da shi baya."

Kowa ta waiwaya. Inna Kande ce. Ta juyo da kujerarta gaba ɗaya.

"Inna, ƙaryar masu jan kunnen?" Mubaraka ta tambaya tana danne dariya.

"Da ke nake? 'Yar boko, mai da shi baya, wajen tsohon nan."

Ummulkhairi ta ja hoton da yatsa. Direba ta sake durƙusawa, ta sake kiran sunan. Inna ta matso har numfashinta na taɓa gilashin. Da aka gama ta ja da baya. Ta tashi ta ɗauki buta, duk da magariba da saura.

Washegari da hantsi Ummulkhairi ta kai wa Inna koko ɗakinta. Ta ajiye za ta fita, Inna ta ce ta zauna.

"Tsohon nan makaho ne ko?"

"Makaho ne, Inna."

"To da me ya gane ta?"

"Da yadda ta kira shi. Haka take kiransa yana yaro."

Inna ta juya cokali a cikin kokon, ta daɗe tana juyawa. "Shekaru haka, bai manta ba."

"Haka suka nuna."

"Ke da kika yi karatu. Da gaske ne mutum zai yi tafiya ya dawo bai tsufa ba, ko duk cikin ƙaryar ce?"

Ummulkhairi ta gyara zama. Wannan ta karanta shi, kuma tun jiya take son wani ya tambaye ta. Ta ce malamin kimiyyarsu ya gaya musu masana sun ce wanda ya yi gudu mai tsanani, gudun da ya kusa na haske, lokacinsa kan tafi a hankali fiye da na wanda ya bari a gida. Ta ɗauki ƙwayar wake biyu tana kwatantawa a kan tabarma, ɗaya ta tsaya, ɗaya ta zagaya. Tana cikin bayanin ta lura ita kanta ba ta gama fahimta ba. Inna dai na bin waken da ido.

"Ikon Allah," in ji Inna. Sai ta ce, kamar da kokon take magana, "Motocin sahara, an ce gudu gare su."

Ummulkhairi ta ajiye waken. Ta gane inda aka dosa. In ta ce e, haka ne, wataƙila Inna ta tsorata ta hana Baba. Kalmar na kan harshenta. Ta dubi tsohuwar, ta ga da gaske take tambaya, yadda yaro kan tambayi inda rana take kwana.

"A'a, Inna. Gudun mota bai kai ba. Wanda ya je sahara, tare za ku tsufa. Shi a can, ke a nan."

"Kowa a nasa wurin."

"E."

"Ai gara na matar," Inna ta ce. "Ita ko ba komai ta dawo da ƙarfinta." Ta kurɓi kokon, ta yamutsa fuska wai ba sukari. Ummulkhairi ta kai bakin ƙofa sai ta ji ta daga baya, ƙasa-ƙasa. "Wanda ba a taɓa kiransa ba kuma, ko da me zai gane mutum?"

Ummulkhairi ta tsaya riƙe da labule. Ba ta tabbata da ita ake ba. Ta fita.

Ranar Juma'a ta yi ta sa ido. Ba abin da ya sake. Baba ya dawo daga masallaci ya durƙusa, Inna ta amsa wa bango. Umma ta soya masa ƙuli-ƙuli ta ɗaure a leda, idanunta jawur, ta ce hayaƙi ne. Da yamma ba wanda ya ce a jingina waya. Aka ɓare masara shiru, ba ka jin komai sai zubar ƙwaya a ƙwarya.

Asabar da safe Baffa Nazifi ya tada babur a ƙofar gida, zai kai yayansa bakin titin Kano. Baba ya fito da jaka a kafaɗa. Ya sallami Umma, ya dafa kan Ummulkhairi ya ce ta riƙe karatu. Sannan ya je ƙofar ɗakin Inna ya tsuguna. Tana zaune tana ba akuyarta dusa, ta ba shi baya.

"Inna, zan tafi. A sa mini albarka."

"Allah Ya tsare," ta ce wa akuyar.

Ya ɗan jira. Ummulkhairi ta ga ya jira, ta ga yadda ya sunkuyar da kai yana sauraro. Da ba a ƙara komai ba ya miƙe, ya gyara jakarsa, ya nufi zaure. Umma ta shige ɗaki. Mubaraka ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Abdulmumini."

Muryar ta fito kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Baba ya ci gaba da tafiya taku biyu. Wada kowa ke ce masa tun yana goye, sunan yankan nan sai a takarda. Sai ya tsaya. Ya dubi zaure, ko wani baƙo ne ya yi sallama. Ya dubi Mubaraka, ta girgiza kai, bakinta a buɗe. Ya dubi Ummulkhairi. Ita kuwa da ido kawai ta nuna masa.

Ya juya a hankali. Inna ba bango take kallo ba. Shi take kallo, hannunta har yanzu cikin kwanon dusa.

"Na'am," ya ce. Ya sake cewa, "Na'am, Inna."

"Masarar nan ba ta gama shiga rumbu ba."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ta mai da kanta ga akuya, ta daka mata tsawa wai tana zubar da dusa.

Baba ya daɗe a tsaye. A waje Baffa Nazifi na ta danna oda. Can ya sauke jakar daga kafaɗa, ya jingina ta da turmi, daidai inda ake jingina waya. Ya leƙa zaure ya ce da ƙaninsa ya kashe babur, ya je ya gaya wa mutanen su wuce, shi ba da shi ba.

Mubaraka ta lallaɓa kusa da Inna. "Inna, ashe ke ma Direba ce? Gatsal, a gaban surukai?"

"Ni ban kira kowa ba. Kunnenki ne. Je ki ƙarasa shararki, sarkin surutu."

Umma ta fito ta ga jaka a ƙasa, ta koma ciki da sauri, sai ga ta kuma ta sake fitowa tana tambayar wa zai sha koko, alhali kowa ya sha.

Baba ya jawo tabarma ya zauna gaban tulin masara, abin da Ummulkhairi ba ta taɓa gani ya yi ba. Ya ɗauki guda yana murzawa da babban yatsa, ƙwayoyin na tsalle ko'ina ban da cikin ƙwarya. Ta zauna kusa da shi tana tsincewa.

"Ummulkhairi," ya ce, ba tare da ya ɗago ba. "Yaya ma ta ce?"

"Ai ka ji, Baba."

"Na ji." Ya saci kallon ƙofar ɗakin Inna, inda labule ya riga ya sauka. "Da ja ta faɗe shi a ƙarshe, ko kunnena ne?"

Ummulkhairi ta yi tunani da gaske, tana son ta ba shi amsa daidai.

"Da ɗan ja," ta ce.

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki wata masarar.