Abin da Ke Raba Su

Malama ta dawo daga makaranta, ko allin hannunta ba ta wanke ba, ta tarar da ƙannenta biyu na neman kashe juna a shagon da babansu ya bari a ƙofar gida. Babban cikinsu kafinta ne, Auta kuma makanike, shago ɗaya suke aiki. Wai baƙin mai ne ya zube a kan katakon wata ƙofa, shi ke nan fa. Ƙatti da gemu, amma hankali ko na cikin cokali babu.

Kafintan ya riga ya fasa wa Auta gira da guduma, jini har ƙirji. Auta kuwa ya rarumo babbar sifana. Maƙwabta sun cika bakin ƙofa, kowa na cewa a raba su, ba wanda ya ɗaga ƙafa. Malama ta kutsa, ta sha gwiwar hannu a haƙarƙari, ta fito tana haki. Tsoro ya kama ta ƙwarai, don ta san yau sai an ɗauki gawar ɗayansu.

Ɗazun nan ta gama koya wa 'yan ajinta yadda ake nemo babbar lambar da ke raba lambobi biyu ba saura. Ta rubuta 12x da 18xy a allo, ta ce kada su wahalar da kansu, su duba abin da ke cikin wannan yake kuma cikin wancan, mafi girmansa shi ke raba su. Nan suka fitar da 6x. To, waɗannan biyun fa, me ke cikinsu duka? Ta ruga cikin gida.

Inna na zaune a tabarma tana fama da ciwon ƙafa. Malama ta tallafo ta, tana ɗingishi, ta kai ta har tsakiyarsu.

"Ku dubi wadda ta haife ku," in ji Malama.

Kafintan ya gani, ya saki guduma, ya ja da baya. Auta bai gani ba, jini ya rufe masa ido. Sifanar da ya auna kan wansa da ita ta sauka a goshin Inna.

Nan take faɗa ya mutu. Kafintan ya zube yana ihu, Auta ya goge ido ya tsaya kamar an dasa shi. Malama ta rungume kan uwarta, tana danne raunin da gyale, jini na bin yatsunta masu alli.

Inna ta buɗe ido da ƙyar. "Sun rabu?"

"Sun rabu, Inna."

Daga nan Inna ba ta ƙara magana a duniya ba.