Agogon Sabuwar Saba

Ofishinmu na masu zanen gine-gine ne, ni kuma mai kula da kwamfutocinsu. Duk zanen da ake yi yana cikin folda ɗaya a injin ajiyarmu, wadda kowa ke buɗewa daga teburinsa. Saba ɗaya, wata kwamfuta ta musamman, ita ce ke tantance mai shiga, ta duba sunansa da kalmar sirrinsa kafin ta ba shi izini. Da na ga ta tsufa, sai na matsa wa shugaba ya sayo ta biyu, don in ɗaya ta mutu ɗayar ta riƙe mu. Na haɗa ta ranar hutu, na koma gida ina jin kaina.

Da aka dawo aiki, foldar ta fara ɓacewa. Mutum yana tsakiyar zane, sai a ce masa ba shi da izini. Ya kashe ya kunna, ta dawo, can kuma ta sake yankewa. Injiniya, babbar mai zanenmu, ta rasa tsarin benen wani asibiti da ta wuni tana gyarawa. Ba ta yi mini faɗa ba. Cire tabarau ta yi, ta ce, "Ƙanena, ka dai yi ƙoƙari." Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Na canja kebul, na duba izinin kowa, na kwance na ɗaura, abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Shugaba ya daina amsa gaisuwata da kyau.

A gida matata ta ga ina juya cokali a faranti, ta ce, "Ka kira Dogo mana."

Dogo shi ne ya koya mini aikin. Da aka rage ma'aikata shi aka sallama, aka bar ni a kujerarsa, ya buɗe shagon gyaran waya. Muna gaisawa, amma ban taɓa iya tambayarsa komai game da ofishin ba.

"Da wane ido?" na ce.

"Da wanda kake kallon abincin nan da shi. Kunyarka ba za ta dawo wa mutane da zanensu ba."

Na kira shi da safe. Ban gama bayani ba ya ce yana zuwa. Kafin rana ta take ya rufe shagonsa, ya shigo yana share gumi. Muka matsu cikin ɗan ɗakin sabar da ke bayan kicin, inda fanka ke kuka kuma babu wurin kujera biyu. Ya ƙi zama.

"Kujerarka ce. Ni baƙo ne. Kowa ke yankewa lokaci ɗaya?"

"A'a. Yau wannan, anjima wancan."

"To, buɗe mini agogon tsohuwar. Yanzu na sabuwar."

Na buɗe. Sabuwar ta tsere wa tsohuwar da mintuna masu yawa.

"Ka gani?" ya ce. "Wanda ya karɓi izini daga tsohuwar, lafiya lau. Wanda ya faɗa hannun sabuwar, sai ya kai izininsa wurin injin ajiya, injin ya duba lokaci ya ga bai yi daidai da nasa ba, ya kore shi. Ni ma abin nan ya taɓa sa ni aske gemu don takaici."

Bai taɓa kwamfutar ba. Ya tsaya a bayana yana faɗa, ni ina bugawa, har muka sa sabuwar da injin ajiyar duk suna karɓar lokaci daga wuri ɗaya. Muka fito muka zagaya teburori, kowa ya fita ya sake shiga. Muka jira. Injiniya ta buɗe zanenta, ta ja layi, ta adana, ta sake adanawa. Foldar ba ta motsa ba. Ta ɗaga mini hannu ba tare da ta ɗago kai ba.

Shugaba ya leƙo, ya ga Dogo, ya ɗan daburce.

"Gaisuwa na zo, ranka ya daɗe," in ji Dogo. "Na tarar ya kusa gamawa."

Na buɗe baki zan gyara maganar, ya taka mini ƙafa. Duk da haka na faɗa. Na ce shi ya gano matsalar, kuma shagonsa ya rufe don ya zo. Shugaba ya miƙa masa hannu biyu, ya riƙe shi ya daɗe bai saki ba.

Na raka shi bakin titi. Na rasa kalmar da za ta isa, sai "na gode, Yaya" nake ta maimaitawa.

"Kai dai ka cika surutu," ya ce yana dariya. "Gobe in abu ya tsaya maka, kira ni tun kafin ka rame. Yanzu tare mini mota, akwai wata mata da na bar wa alkawarin wayarta kafin yamma."