Damin Ganuwa a Hannun Hagu

A cikin mutanen da ke taruwa ranar Asabar da yamma a bayan gidan cin kifi na Mama Adoyo, a bakin tafki a garin Kisumu, babu mai son wasa ya haɗa shi da Obiero. Ba wai ya fi kowa iyawa ba ne. Abin dai shi ne, in ka zauna da shi kifinka sai ya huce, cajin wayarka ya yi ƙasa, matarka ta gaji da kira, sannan a ƙarshe ya cinye ka ba tare da ya kai maka wani harin kirki ba.

Wasan kati ne na waya. Kowa ya haɗa daminsa daga katunan da ya tara, a kara biyu-biyu, kowa yana neman ƙarar da ran abokin karawarsa. Matasa suna cewa wasansu ne, amma teburin ƙarƙashin rumfar nan masu furfura ne suka riƙe shi, irin waɗanda sai sun nesanta waya da ido kafin su karanta rubutun kati.

Damin Obiero na tsaro ne zalla. Ganuwa, mai magani, wata ganuwar, sai kati biyu da ake kira Ambaliya, waɗanda in ya saki ɗaya sai ya share duk mayaƙan da ke fili. Haka zai yi ta tarewa yana warkewa har katunanka su ƙare, ka zauna hannu rabbana kana kallonsa. A ofishin hasashen yanayi yake aiki, inda ya kwashe rabin rayuwarsa ana biyansa albashi don ya jira ruwan sama, saboda haka bai ga abin mamaki ba don hutunsa ma ya zama jira. Matarsa takan ce ko aurenta bai nema ba, zama kawai ya yi har sauran manema suka gaji. Bai taɓa musawa ba.

Mutum ɗaya ne ke zama da shi da gangan, Wafula, mai shagon kayan babur. Shi daminsa ƙananan karnuka ne masu arha, yana zubo su da manyan yatsunsa biyu kamar mai ƙirga wake. Ko dai ya kashe ka kafin shayi ya tafasa, ko hannunsa ya ƙare ya danna sallama. Haka al'adar take: mai farmaki in ya zube duk abin da ke hannunsa bai ci ba, sai ya miƙa wuya, ba ya ɓata wa jama'a lokaci.

"Kai maci kifi, saki kati mana!" in ji Wafula, kowace Asabar, cikin barkwancin da ke tsakanin ƙabilunsu. "Ko jira kake a yi ruwa?"

"Ina duba sama tukuna."

"Damin matsorata kawai. Ku dai komai naku sai an ja shi, har jana'iza."

"Ku kuma in ba kaza a wuri ba kwa iya zaman minti biyar."

Wata safiya Wafula ya sunkuya zai ɗaga ƙofar shagonsa, bai miƙe ba. Da aka sallamo shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Obiero ya je dubiya tare da sauran mutane, ya yi sannu, ya dawo. Daga nan ya ce bari ya ba shi fili ya ɗan samu kansa. Ya yi abin da ya iya, wato jira, har sai da Naliaka, matar Wafula, ta kira shi da kanta.

"Baban Awuor, abokinka fa ya juya wa duniya baya. Mai koya masa motsa jiki ya zo, ya kore shi. Fasto ya zo, ya yi barcin ƙarya. Likita ya ce in ba a motsa hannun nan da ƙafar a 'yan watannin nan ba, haka za su sandare." Ta rage murya. "Jiya na yanka masa kaza. Ko kallonta bai yi ba."

Maganar kazar ce ta sa Obiero ya tare ɗan acaɓa.

Ya same shi kwance, fuska a bango. Ɗakin na warin man zafi. Obiero ya ja kujera ya zauna, ya yi gaisuwa ba a amsa ba. Can sai ya ciro wayarsa ya buɗe wasan, ya bar kiɗan farkon nan yana tashi. Wuyan Wafula ya ɗan motsa. Obiero ya karɓo wayar Wafula daga wurin Naliaka, ya jingina masa ita da matashi.

"Ɗaya kawai, Baban Simiyu. Tun da ka kwanta ba wanda ke zagina, har na fara ƙiba."

A wasan, kowane zagaye yana da lokacinsa. In ka daɗe, sai wani lagwani ya bayyana a tsakiyar allo yana ci, in ya cinye an wuce da kai. Wafula bai taɓa ganin lagwanin nan a nasa zagayen ba, sai ranar. Ya ja kare ɗaya da yatsan hagu, ya kuɓuce. Ya sake ja, ya sauka. Kafin ya kamo na biyu lagwani ya cinye, sauran karnukan suna hannunsa suna haushin banza. Zagaye na gaba ma haka. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, gefen bakinsa na rawa.

Obiero ya kasa kallo. Ya riƙa sassautawa, yana tare wannan yana barin wancan, wasa ya yi ta ja har daminsa ya ƙare ƙaf. A lokacin Wafula ya samu ya tara karnuka a fili. Ambaliya ta biyu tana hannun Obiero, tana ƙyalli, tana cewa a sake ta. Sai ya ajiye wata 'yar ganuwa ya miƙa zagaye. Karnuka suka yi kaca-kaca da shi.

"Ka gani ko? Da hagu ma ka fi ƙarfina!" Ya ji muryar tasa ta fita da ƙarfi fiye da kima.

Wafula bai yi murmushi ba. Ya daɗe yana haɗa kalmar a bakinsa.

"Ambaliya."

"Me?"

"Biyu... gare ka. Ɗaya ka saki."

"Ai ɗayar ba ta zo ba ne."

"Daminka... ya ƙare."

Wanda ya ja daminsa har ƙasa ba shi da inda zai ce kati ya maƙale. In ba a fili yake ba, to yana hannu. Kowane ɗan wasa ya san wannan, balle mutumin da ya shekara da shekaru yana ƙirga masa Ambaliya.

"Har... kai?" in ji Wafula. Ya ture wayar ta faɗa kan tabarma, ya mirgina da ƙyar ya koma ga bangonsa. "Tafi."

A baranda Naliaka ta tare shi da shayi da mandazi, irin fanken can, idonta cike da tambaya. Ya ce mata sai a hankali. Ya ajiye shayin ya tafi.

Kwanakin da suka biyo baya ya yi su a gaban na'urorin ofis yana kallon hadarin da ya ƙi zubowa. Duk ta inda ya juya abin, a toshe yake. In ya buga da gaske, lagwani ne zai ci Wafula, ba shi ba. In ya sassauta, ya sake zaginsa. Kuma muddin damin tsaro ne a hannunsa, wanda duk aikinsa riƙe kati a ɓoye ne, Wafula ba zai ƙara yarda da wata nasara ba. Zuciyarsa ta ba shi shawarar da ta saba, ya bari fushin ya huce tukuna. Amma likita ya riga ya ce hannun ba zai jira ba.

Bai bari Asabar ta zo ba. Ranar Laraba da azahar ya nemi izini a wurin aiki, abin da ya sa ogansa ya tambaye shi ko rasuwa aka yi.

Wafula yana nan yadda ya bar shi. Obiero ya ɗauki wayar Wafula ya riƙe, tasa kuma ya ajiye a kan gado, dab da bayansa.

"Ga nawa nan. Ni zan riƙe karnukanka."

Daga bango aka ce: "Damin... matsorata."

"Shi ɗin. Kati ɗaya a zagaye ya ishe shi, lagwani ba ya kama mai ganuwa sai in shi ya ga dama. Ni kuwa duk abin da ya shigo hannuna a fili zan zubar, kana gani. Mai karnuka ba shi da aljihu, kai ka faɗa."

Obiero ya aika gayyatar wasa, waya ta yi ƙara a bayan Wafula. Gayyata ta mutu. Ya sake aikawa.

"Ka san ni dai, mutumina. Zan iya yin haka har a yi ruwa."

Aka daɗe ana haka. Can hannun hagu ya lalubo baya, ya jawo wayar.

Obiero bai taɓa riƙe irin wannan damin ba, yatsunsa ma ba su san hanya ba. Amma ya zuba. Kare, kare, wani karen. Ya ga ran Wafula yana zaftarewa, kuma ga mamakinsa ya ji wani daɗi mara kunya yana taso masa, ya fahimci abin da mutumin nan yake ji duk shekarun nan. Wafula ya kafa ganuwa, karnuka suka rushe ta. Ya sake kafawa, suka tsallake.

Sai aka zo inda Obiero ya ji tsoro. Yana da katin da zai bugi Wafula kai tsaye, ya bar shi da ɗan ran da bai taka kara ya karya ba. In Ambaliya ba ta hannun Wafula, zagaye na gaba an gama, kuma wataƙila ba za a ƙara juyowa daga bangon nan ba. Ya dubi katin. Ya tuna abin da ya jawo ranar da ya riƙe. Ya buga.

Wafula ya ƙura wa allo ido. Lagwani ya kama. Ya ɗora yatsa zai ja, wayar ta zame daga jikin matashi ta kife. Ya tayar da ita, ta sake zamewa. Obiero ya cusa hannuwansa biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa don kada su miƙa da kansu. Lagwani ya wuce rabi.

Wafula ya ja tsaki. Ya kamo hannunsa na dama da na hagu, ya jawo shi kamar mai jan buhu, ya ɗora shi a gindin wayar ya tokare ta. Sannan ya ja katin a hankali har tsakiyar fili ya saki.

Ruwa ya cika allo. Da ya janye, ko kare ɗaya babu.

A bakin ƙofa Naliaka na tsaye da tire. Ba allon take kallo ba, hannun take kallo.

Daga nan wasan ya koma yadda Obiero ya san shi, sai dai yau shi ne a ɗaya gefen. Ganuwa. Mai magani. Wata ganuwar. Ran Wafula ya riƙa hawa kaɗan-kaɗan. Obiero ya zuba ragowar karnukansa, Ambaliya ta biyu ta zo ta tafi da su. Ya juya wayar ya nuna masa fuskarta.

"Duba da kyau. Fayau, ko ɗaya babu."

Wafula ya duba, ya duba sosai. Ya gyaɗa kai.

Obiero ya sauke ajiyar zuciya, ya kai yatsa zai danna sallama kamar yadda aka saba.

"Kar... ka taɓa."

"Ai an gama, Baban Simiyu. Ka ci."

"Zauna." Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan ɗaga. "Shekara nawa... kana mana haka?"

Obiero ya janye yatsansa. Ya ja kati, kare ne, ya tura shi ya mutu a jikin ganuwa. Ya miƙa zagaye. Wafula ya zauna yana kallon katunansa, ba ya gaggawa, har lagwani ya kama. Wannan karon da gangan ne, Obiero ya san salon, nasa ne.

"Saki kati mana, maci kaza."

"Ina duba... sama."

Ya bari sai da lagwani ya kusa cinyewa, sannan ya kafa wata ganuwar. Ya ɗaga ido wajen ƙofa.

"Maman Simiyu. Tayar da ni... zaune. Ki kawo abinci." Ya nuna Obiero da haɓa. "Wannan... zai daɗe a nan."