Geron Baffa Jelani a Gaban Na'ura

Tun ƙarfe tara na safe Lailatu ta kasa zama. Ta sa samfuranta a na'urar PCR, na'urar ta nuna saura awa ɗaya da rabi, ita kuwa tana kaiwa tana komowa tsakanin teburi da taga. A waje, ƙarƙashin dogonyaro, baffanta Jelani yana zaune a kan babur ɗinsa yana jiranta.

Shi ne ya kawo mata irin geron daga gonarsa ta Wamakko, domin bincikenta na digiri na biyu. Wata guda da ya wuce ta gaya masa cewa idan geron ya ji ƙishirwa, ƙwayar halin da ke taimaka masa jure fari tana ninka aikinta sau takwas. A kan wannan magana ya tara manoma goma sha biyu, zai raba musu irin yau bayan azahar, tunda ruwan farko ya sauka.

Na'urar ba ta faɗin yawan aikin ƙwayar hali kai tsaye. Tana kwafar ta ne zagaye bayan zagaye, kowane zagaye ninki biyu, har haske ya bayyana. Mai yawa takan bayyana da wuri. Sai a gwada ta da wata ƙwaya ta ma'auni, wadda aka ɗauka ba ta canjawa ko da ruwa ko babu. Lailatu ta ɗauko tata ƙwayar ma'aunin daga wata takardar bincike da aka yi a ƙasa mai sanyi, ba ta taɓa jarraba ta a zafin Sakkwato ba.

Jiya malaminta, Dakta Sharifuddeen, ya nemi ganin lambobin asali. Ya sa yatsa a kan layi ɗaya.

"Lailatu, dubi nan. A geron da aka ba ruwa, ma'auninki ya fito a zagaye na sha takwas. A wanda aka hana, sai na ashirin da ɗaya. Wa ya motsa, geron ko ma'aunin? Ki sake da wata ƙwayar."

Shi ne take sakewa yau. Ta wanke hannu sau biyu ba dalili. Wuta ta yi ƙasa, ta ruga ta duba batiri, ta komo. Baffa ya aiko mata da saƙon murya: "Ɗiyata, ko injin naku ma sai an yi mai ban ruwa?"

Da na'urar ta tsaya, ta yi lissafin, ta sake yi a takarda da biro. Sabon ma'aunin bai gusa ba. Da aka gwada da shi, ƙwayar jure farin kusan tana nan inda take.

Ta fita da takardar a hannu, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baffa, maganar ninki takwas babu ita. Kuskurena ne."

"Kamar ƙaƙa babu ita? Geron ya canza cikin wata guda?"

"Geron bai canza ba. Tiyar da na auna da ita ce ta ƙanƙance, sai hatsin ya yi kamar ya ƙaru."

Ya cire hula ya goge goshi. "To irin nawa banza ne ke nan?"

"Ban ce ba, Baffa. Wataƙila yana jure fari ta wata hanya. Ni dai ban gani ba, kuma kada kowa ya cika gonarsa da shi a kan maganata."

Ya kalli takardar da ba zai iya karantawa ba.

"Mutanen ga da sunanki nir rantse musu. Nic ce ɗiyata ta jami'a ta auna. In nit tafi ni ɗaya, cewa za su yi na samu mai saye na hana su."

Ya tada babur.

"Tuɓe wagga farar riga ki hau. Ke za ki gaya musu da bakinki."

Lailatu ta koma ciki, ta rataye rigar, ta ɗauko mayafinta da takardun sakamakon biyu, tsohuwa da sabuwa, ta fito.